Agogo da suna: yadda manhajar naɗar bidiyo ke sanin lokacin farawa da abin da za ta kira fayil

Wanda ya umarci manhaja ta naɗar masa wani shiri na talabijin, ko wani bidiyo da ake watsawa kai tsaye a intanet, a lokacin da ba zai kasance a gaban na'ura ba, abin da yake gani kaɗan ne: ya zaɓi tasha, ya sa lokacin farawa da na gamawa, ya kama gabansa. Amma a bayan wannan ɗan umarni akwai hukunce-hukunce da yawa da manhajar za ta yanke ita kaɗai, kuma kusan dukkansu suna komawa ga tambaya guda, wato da agogon wa ake aiki. Amsar da manhajar ta bayar ita ce ke tabbatar da ko shirin zai samu cikakke, kuma ita ce ke bayyana a sunan fayil ɗin da za a tarar bayan an dawo. Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki batun lokaci da batun suna a matsayin abubuwa biyu mabambanta, domin sunan fayil shi ne shaidar lokacin da ke bin bidiyon duk inda aka kai shi.

Matsalar ta girmi kwamfutar gida. Tun zamanin bidiyo mai kaset ake fama da ita, har a shekarar 1985 gidajen talabijin na Jamus suka fara aika wata alama da ake kira VPS a ɓoye cikin siginar hoto, wadda ke shaida wa na'ura cewa shirin ya fara da gaske. A 1990 tsarin VCR Plus+ ya fito a Amurka, inda jaridu ke buga lamba kusa da kowane shiri, mutum ya danna ta a na'ura. Lambar tana ɗauke da rana da tasha da lokacin farawa da tsawon shiri, don haka ta rage kuskuren yatsa, amma idan tasha ta makara babu abin da za ta iya yi. Na'urorin TiVo da ReplayTV da suka shiga kasuwa a 1999 su ne suka yaɗa al'adar zaɓar shiri da sunansa daga jadawali, a bar wa na'ura lissafin lokaci.

Agogo na farko da manhajar ke dogaro da shi shi ne na na'urar da take ciki. A yawancin kwamfutoci wannan agogo yana tafiya ne da wani ɗan ƙaramin dutsen kwaz mai karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, tare da batiri mai kama da kwabo da ke riƙe shi idan an kashe na'ura. Irin wannan dutse yakan kauce da kusan kashi 20 cikin miliyan, wanda ya kai kusan daƙiƙa biyu a rana, ko abin da ya doshi minti ɗaya a wata. Idan batirin ya mutu kuwa, kowace ɗaukewar wuta na iya mayar da kwanan wata shekaru baya, manhajar ta zauna tana jiran ranar da a lissafinta ba ta zo ba. Maganin da aka saba yi shi ne saita agogon ta intanet da tsarin NTP, wanda David Mills ya tsara tun shekarun 1980. Dikodar tauraron ɗan'adam da ba ta da intanet tana samun nata lokacin daga siginar tashar, domin tsarin watsa shirye-shirye na DVB yana aika lokacin duniya na UTC a kai a kai a cikin siginar, sai dikodar ta ƙara ko ta rage awannin yankin da aka saita mata.

A nan ne agogo na biyu, wato na yankin lokaci, ke shigowa, kuma nan ne aka fi yin asara. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, Ghana tana daidai da shi, kuma babu ɗayansu da ke sauya agogo da sauyin yanayi. Wannan kan sa mai amfani da manhaja a Kano ko Maraɗi ya ɗauka cewa batun bai shafe shi ba, alhali shirye-shiryen da yake naɗa da yawa daga ƙasashen da ke sauyawa suke fitowa. Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wasan gasar Firimiya da ake take shi da ƙarfe 3 na ranar Asabar a Ingila yana faɗawa ƙarfe 4 na yamma a Kano ranar 30 ga Maris 2024, amma bayan mako guda, ranar 6 ga Afrilu, wasan ƙarfe 3 na can ƙarfe 3 ne a Kano. Wanda ya kafa umarnin cewa duk Asabar a fara naɗa da ƙarfe 4, zai dawo ya tarar an fara masa daga wajen hutun rabin lokaci, kuma manhajar ba ta yi laifin komai ba, domin abin da aka ce ta yi shi ta yi. Manhaja mai kyau tana barin a ɗaure umarnin da yankin lokacin mai watsawa, a ce ƙarfe 3 agogon Landan, ita kuma ta riƙa fassara shi zuwa UTC a kowane mako da kanta.

Ga na'urar da ke cikin ƙasar da ke sauya agogo kuma, akwai darare biyu a shekara da lissafi ke rikicewa. A daren Maris a Ingila agogo yana tsallakewa daga ƙarfe 1:00 zuwa 2:00, don haka ƙarfe 1:30 ba ya wanzuwa, kuma aikin da aka ɗora a kansa wasu manhajoji su tsallake shi, wasu su yi shi a makare. A daren Oktoba agogon yana komawa daga 2:00 zuwa 1:00, sai ƙarfe 1:30 ya zo sau biyu. Idan sunan fayil an gina shi da lambar tasha da agogon gida kawai, shirye-shirye biyu daban za su nemi suna ɗaya, kuma a tsarin da ba a yi hattara ba na biyu zai hau kan na farko ya shafe shi. Irin wannan ne ya sa MythTV, manhajar da Isaac Richards ya fara a 2002, ta koma ajiye dukkan lokutanta da UTC daga fitowa ta 0.26 a shekarar 2012. Ƙa'idojin sauyin agogo ma ba a tsaye suke ba, domin hukuncin gwamnatoci ne: Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya a ranar 1 ga Nuwamba 2017, Masar ta dawo da sauyin agogo na bazara a 2023, Maroko kuma ta ɗauki shekaru tana rage awa ɗaya a watan Ramadan, wanda ranarsa ke matsawa kowace shekara. Duk waɗannan suna cikin kundin yankunan lokaci da hukumar IANA ke kula da shi, mai sunaye irin su Africa/Lagos da Africa/Niamey da Europe/London. Na'urar da ta daɗe ba a sabunta mata wannan kundi ba tana iya yin lissafi daidai da tsohuwar doka, ta kuskure shirin da awa guda.

Agogo na uku shi ne na gidan talabijin, kuma shi ne mafi wuyar sha'ani, domin jadawali alkawari ne da ba kullum ake cika shi ba. Manhajar tana samun jadawalin ko dai daga cikin siginar, ko daga fayil irin na XMLTV, wanda ke rubuta lokacin farawa kamar haka, 20240330160000 +0100, wato shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, sannan tazarar yankin daga UTC. Tsarin DVB ya tanadi wani sashe da ke faɗin shirin da ke gudana yanzu da wanda ke biye da shi, har da alamar ko ya fara ko bai fara ba, kuma manhajoji irin su VDR da Tvheadend suna iya bin wannan alama. Sai dai amfaninta ya rataya ne ga ko tashar tana sabunta ta da gaskiya, kuma tashoshi da yawa ba sa yi, shi ya sa dogaro da ita kaɗai kasada ce. Abin da kowa ke komawa gare shi shi ne rarar mintuna a gaba da baya. VDR, wadda Klaus Schmidinger ya ƙirƙira a Jamus, tana zuwa da minti 2 kafin shiri da minti 10 bayansa, kuma rashin daidaiton alkaluman nan biyu hikima ce, domin shirye-shirye sun fi makara a kan su riga lokaci. Ga wasan ƙwallo na sili-ɗaya-ƙwale minti 10 ba komai ba ne, tunda ƙarin lokaci kaɗai minti 30 ne, ban da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Rarar tana da farashinta. Idan na'ura tana da sashen kama tasha guda ɗaya, kuma akwai shiri da ke ƙarewa ƙarfe 9 a wata tasha da wani da ke farawa ƙarfe 9 a wata, rarar bayan na farko da rarar gaban na biyu za su yi karo. Manhajar dole ta zaɓi wanda za ta gutsure, kuma yawanci tana yin haka ne da matakin fifiko da mai ita ya bai wa kowane shiri. Wasu suna ɗaukar rarar a matsayin abin da za a iya sadaukarwa idan akwai buƙata, wasu suna ɗaukar ta wajibi har su soke shiri na biyu ɗungurungum. Ya kamata mutum ya san wanne manhajarsa ke yi tun kafin daren da zai buƙace ta. Sauƙi ɗaya da tsarin dijital ya kawo shi ne tashoshin da ke tafiya a ƙunshi ɗaya na sigina ana iya naɗar su tare da sashen kama tasha guda.

Ko an san lokacin daidai, farawa a daidai daƙiƙar wani abu ne daban. Na'urar da ke barci sai an tashe ta da wuri ta hanyar ƙararrawar agogonta, a ba ta lokacin haɗa rumbun ajiya da kama sigina. Masu haɗa nasu tsarin a kan Linux da cron, manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, da ffmpeg, manhajar naɗa da sarrafa bidiyo, su lura cewa cron minti yake ganewa, ba ya gane daƙiƙa, kuma idan lokacin ya wuce na'ura na kashe ba ya waiwayar aikin. Akwai kuma bambanci tsakanin cewa a naɗa na tsawon daƙiƙa 3600 da cewa a tsaya ƙarfe 9. Idan wuta ta dawo a makare aka fara ƙarfe 8:20, umarni na farko zai ci gaba har 9:20 ya shiga hurumin aiki na gaba, na biyu kuma zai tsaya inda ya dace. A ganina lokacin tsayawa shi ya kamata a ajiye, a lissafa tsawon daga gare shi a daidai lokacin da aikin ya tashi. Sannan shi kansa bidiyon dijital ba a iya fara shi daga kowane hoto, domin yawancin hotunan da ke cikinsa bayanin bambanci ne kawai daga wanda ya gabace su, sai jefi-jefi ake aiko cikakken hoto. A talabijin tazarar cikakkun hotunan kan kasance wajen rabin daƙiƙa zuwa ɗaya ko biyu, a intanet kuma tsarin HLS yana yanka bidiyo guntu-guntu na kimanin daƙiƙa 6, ga jinkirin isowa da kan kai rabin minti. Duk wannan rarar minti ɗaya tana shanye shi, amma ya nuna cewa lokacin da aka tsara da lokacin da hoton farko ya faɗa cikin fayil ba safai suke zama ɗaya ba.

Wanne daga cikinsu za a rubuta a suna? Idan aka sa lokacin da aka tsara, sunan yana da tabbas tun kafin a fara, kuma yana dacewa da jadawali. Idan aka sa lokacin da aka fara da gaske, sunan yana faɗin gaskiyar abin da ke ciki, kuma idan naɗin ya katse aka sake tashi, sabon guntun zai samu suna nasa ba tare da ya taɓa na farko ba. Ga wurin da wuta ke yawan ɗaukewa na fi karkata ga na biyu.

Yadda ake jera kwanan watan ma ba ƙaramin abu ba ne. Sunan da ya fara da 03-04-2024, ga ɗan Najeriya 3 ga Afrilu ne, ga Ba'amurke kuma 4 ga Maris, sannan idan kwamfuta ta jera fayiloli bisa haruffa za ta tara duk ranakun 3 ga wata wuri ɗaya ba tare da kula da wata ko shekara ba. Ƙa'idar ISO 8601, wadda aka fitar a 1988, ta warware wannan da fara rubutu daga babba zuwa ƙarami: shekara, wata, rana, awa ta tsarin 24, kowanne da sifili a gaba idan lamba ɗaya ce. Da haka jerin haruffa da jerin lokaci suka zama abu ɗaya. Manhajar naɗar bidiyo ta OBS Studio a kan wannan tsari take zuwa, tana fitar da suna irin 2024-03-30 16-00-05. An raba awa da minti da ɗan layi ne saboda Windows ba ya yarda da alamar ɗigo biyu a sunan fayil, haka ma alamar tambaya da tauraro da alamar zance da layin karkata. Taken shiri kuwa cike yake da irin waɗannan alamomi, don haka dole manhajar ta tace shi kafin ta mai da shi suna. Layin karkata ya fi haɗari, domin a Linux ma'anarsa shiga wata jaka, kuma take mai ɗauke da shi na iya sa rubuta fayil ya gaza gaba ɗaya a daidai lokacin da shirin ke farawa.

Ga mai rubuta take da Hausa akwai ƙarin abin lura. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ kowannensu yana cin bayit biyu a tsarin rubuta haruffa na UTF-8, kuma iyakar suna a ext4, tsarin ajiyar fayil na Linux, bayit 255 ne. Tsarin tacewa mai tsanani, wanda ke barin haruffan Ingilishi kaɗai, yakan maye gurbinsu da ɗan layi ko ya cire su, sai take irin Ƙasa da Ɗiyanta ya fito a gurguje, mai nema ya rubuta sunan daidai bai same shi ba. Tsoffin dikodoji da talabijin masu karanta filashi kuma sukan nuna su a matsayin akwatuna. Idan fayil zai yi yawo tsakanin na'urori, ya fi aminci a rubuta k da d da b a sunan, a ajiye cikakken taken da ƙugiyoyinsa a cikin bayanan da ke tare da bidiyon. Windows kuma a al'adance yana taƙaita dukkan hanyar fayil, daga sunan rumbu zuwa jakunkuna zuwa sunan kansa, ga haruffa 260, abin da dogon take cikin jaka mai dogon suna ke iya ƙetarewa.

Manhajojin sun rabu gida biyu a kan wa ake yi wa sunan. MythTV tana yi wa na'ura ne: lambar tasha da lokacin farawa na UTC, kamar 1021_20240330150000.ts, sauran bayani duka yana cikin kundin bayananta. Irin wannan suna ba ya karo da wani kuma ba ya ɗauke da haramtacciyar alama, amma mutumin Kano da ya san wasan ƙarfe 4 ya naɗa zai ga 15 a sunan ya rikice, kuma ranar da kundin bayanan ya lalace za a wayi gari da ɗaruruwan fayiloli kamar buhunan hatsi da ba a rubuta wa suna ba, sai an kwance kowanne a san abin da ke ciki. Tvheadend tana yi wa mutum ne: tana fara da taken shiri, ta ƙara lamba a ƙarshe idan akwai mai irin sunan, ta kuma bar mai ita ya ƙara tasha da kwanan wata. VDR ta bi tsakiya, tana buɗe jaka da taken shiri, a cikinta wata jakar da kwanan wata da lokaci, sannan bidiyon da ɗan fayil na bayani a gefensa. Wannan tsari na uku ya fi kwanta mini, saboda bayanin yana tafiya tare da bidiyon idan an kwafe jakar. Masu amfani da manhajojin tsarawa da kallon bidiyo irin su Plex ko Kodi kuma suna da wata buƙata, domin waɗannan suna gane shiri ne da alamar zango da kashi irin S01E05, wadda sai jadawalin ya kawo ta manhajar naɗi za ta iya rubutawa.

Mai tambaya zai iya cewa ai kowane fayil yana da kwanan watan da kwamfuta ke maƙala masa, me ya kawo wahalar saka shi a suna. Wannan kwanan wata yakan sauya idan an kwafe fayil, ko an tura shi ta intanet, ko an gyara shi. Tsarin ajiyar fayil na NTFS na Windows yana ajiye shi da UTC, tsarin FAT32 da ke kan filashi da yawa kuma da agogon gida, don haka fayil ɗaya na iya nuna awanni biyu daban a na'urori biyu.

FAT32 yana da wata iyakar da ke shafar suna kai tsaye: fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4. Tashar da ke watsa megabit 8 a daƙiƙa tana cin gigabayit 3.6 a awa, wato za ta cika wannan iyaka cikin kimanin minti 71, tun wasan ƙwallo bai ƙare ba. Dole a yanka naɗin gunduwa-gunduwa, kuma kowace gunduwa tana buƙatar suna da zai ajiye ta a mazauninta. Shi ya sa VDR ke rubuta 00001.ts da 00002.ts da sifilai a gaba, domin in ba haka ba kwamfuta na iya jera 10 kafin 2. Ffmpeg yana iya yanka a daidai kan awa ta agogo, ya kuma sa lokacin kowace gunduwa a sunanta, wanda shi ne abin da kyamarorin tsaro da masu adana shirye-shiryen tasha na yini guda ke buƙata, ko da yake yankan yana jiran cikakken hoto na gaba. Nau'in fayil ɗin ma yana da tasiri idan naɗi ya katse. MP4 na al'ada sai a ƙarshe yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake, don haka idan wuta ta ɗauke a minti na 50 fayil ɗin yana nan da girmansa amma ba ya buɗuwa sai an yi masa aikin ceto. TS kuwa jerin ƙananan ƙunshi ne masu bayit 188 kowanne, abin da aka rubuta kafin katsewar yana kalluwa, MKV ma yana jure irin wannan. Saboda haka a naɗa da TS ko MKV, a mayar da shi MP4 daga baya idan ana so, kuma a tabbatar cewa umarnin da ke sake tashi bayan wuta ta dawo ba shi da izinin rubutawa a kan fayil ɗin da ya tarar, domin a ffmpeg alamar -y kaɗai ta isa ta shafe minti 50 da aka riga aka samu.